Wa Ya Zaɓi Shekarar 1890?

Duk wanda ya taɓa bin layin neman biza a ofishin jakadancin Amurka, a Abuja ne ko Legas ko Yamai ko Accra, yana tsaye ne a kan wani tsari da aka kafa a shekarar 1924. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Bature mai son komawa Amurka da zama jirgin ruwa kawai yake hawa. Idan ya isa tsibirin Ellis da ke bakin birnin New York, likita ya duba idonsa, jami'i ya yi masa 'yan tambayoyi, galibi kafin rana ta faɗi an sallame shi ya shiga gari. Dokar 1924 ce ta tabbatar da cewa a can ƙasar da mutum ya fito za a tantance shi, kuma ita ce ta sa tambayar farko ta zama: a ina aka haife ka?

Ra'ayina a kan wannan doka da 'ya'yanta ba mai wuyar faɗa ba ne. Kowace ƙasa tana da haƙƙin ta ce mutum kaza zan karɓa bana, ba zan wuce haka ba. Wannan ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a raba mutane tun kafin a ga fuskarsu, a ce 'yan wannan ƙasa masu daraja ne, 'yan waccan kuwa a yi hattara da su. Abin da ya fi tayar mini da hankali a tarihin dokar 1924 kuma shi ne yadda aka yi wannan aiki ba tare da an rubuta sunan wata ƙabila ba. An ɓoye shi cikin lissafi. Aka kawo kashi kaza cikin ɗari, aka kawo alƙaluman ƙidaya, ta yadda wanda ya karanta dokar zai ɗauka ba ruwanta da kowa. Alhali kowane adadi a cikinta da gangan aka zaɓe shi, kuma an san wanda za a tare da shi.

Ga yadda abin ya faro. Daga 1880 zuwa 1920 mutum fiye da miliyan 20 ne suka shiga Amurka. A da, mafi yawan baƙi daga Ingila da Jamus da Ayaland da ƙasashen arewacin Turai suke zuwa. Daga wajen 1890 sai iska ta juya. 'Yan Italiya suka riƙa tururuwa, kusan miliyan 4 a wannan tsakanin. Yahudawan Rasha da Poland da ke gudun kisan gilla suka zo su ma, kusan miliyan 2. Ga Girkawa, ga 'yan Hungary, ga mutanen Siriya da Labanon. Talakawa ne akasarinsu, 'yan Katolika da Yahudawa, ba sa jin Turanci. Su ne suka haƙa ma'adinin kwal, suka yi aiki a masana'antun ƙarfe, suka cika shagunan ɗinki na New York. A ranar 17 ga Afrilu, 1907 kaɗai, mutum 11,747 aka tantance a tsibirin Ellis.

Tun kafin a zo kan Turawa, an riga an gwada rufe ƙofa a kan mutanen Asiya, kuma a nan ba a yi wata kwana-kwana ba. A 1882 aka yi doka ta hana leburorin ƙasar Sin shiga, da sunan ƙasarsu a rubuce, bayan su ne suka sha wahalar shimfiɗa layin dogo ta cikin duwatsun yammacin ƙasar. A 1917 aka shata wani yanki a taswira, wanda ya haɗa da Indiya da kudu maso gabashin Asiya, aka ce duk wanda aka haifa a cikinsa ba shi da shiga. Amma Turawan kudu da na gabas fa? Fararen fata ne, 'yan uwansu suna jefa ƙuri'a a Boston da Chicago, ƙasashensu kuma suna da jakadu. Ba zai yiwu a rubuta a doka cewa ba a son ɗan Italiya ko Bayahude ba. Dole a nemi wata dabara.

Dabarar farko ta zo a 1921. Aka ce kowace ƙasa za a ba ta gurbi na kashi 3 cikin 100 na yawan 'yan asalinta da ke zaune a Amurka bisa ƙidayar 1910. Jimilla ta kama kimanin 357,000 a shekara. Dokar ta kuma ce kada a cinye fiye da kashi 20 cikin 100 na gurbin ƙasa a wata guda, sai wannan ya haifar da wani abu mai ban tausayi. A ƙarshen kowane wata jiragen ruwa maƙare da mutane sukan taru a wajen tashar New York su jira sha biyun dare. Da zarar sabon wata ya kama sai su ruga a guje, kowane matuƙi yana son jirginsa ya riga tsallake layin. Jirgin da ya makara da 'yan mintuna, mai yiwuwa a ce gurbin ƙasar fasinjojinsa ya cika. Mutumin da ya sayar da gonarsa da jakinsa ya biya kuɗin jirgi, ya kwashe mako biyu a ƙasan jirgi yana amai, sai a mayar da shi inda ya fito saboda wani jirgin ya fi nasa gudu.

Duk da haka masu son rufe ƙofa ba su gamsu ba, domin a 1910 'yan Italiya da Yahudawa sun riga sun yi yawa a ƙasar, don haka kashi 3 cikin 100 nasu ba kaɗan ba ne. Italiya ta samu gurbi wajen 42,000. Sai ɗan majalisar wakilai Albert Johnson daga jihar Washington da Sanata David Reed daga Pennsylvania suka kawo gyara. Aka rage kason zuwa kashi 2 cikin 100. Wannan ragin ba shi ne babban abu ba. Babban abu shi ne an bar ƙidayar 1920, wadda ita ce sabuwa kuma tana hannu, an tsallake ta 1910 da ta 1900, aka koma can baya aka ɗauko ta 1890.

Me ya sa 1890? Domin a shekarar sababbin baƙin nan ba su fara zuwa da yawa ba. Ba wani sirri ba ne, a zauren majalisa an faɗe shi. Da aka buga lissafi, gurbin Italiya ya faɗo daga 42,000 zuwa 3,845. Ƙasar da a 1914 ta aika mutum fiye da 280,000 ke nan. Girka ta koma 100. Jamus kuwa ta tashi da fiye da 51,000. Ga doka da ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci addinin kowa ba, amma ta yi daidai abin da zagin zai yi. Kamar mai awo ne da ya ajiye mudu biyu a shago: da ganin fuskar mai saye yake sanin wanda zai ɗauko, sannan ya rantse cewa shi da mudu yake auna wa kowa.

Su wa suka ba da hujjar ilimi? Kwamitin majalisa kan shige da fice, wanda Johnson ke shugabanta, ya ɗauki wani mutum mai suna Harry Laughlin a matsayin ƙwararren mai ba shi shawara. Laughlin yana cikin masu aƙidar nan da ke cewa talauci da aikata laifi da taɓin hankali a jini suke, kuma ana iya inganta al'umma ta hanyar hana wasu haihuwa da hana wasu shigowa. Ya kawo wa majalisa jadawali na gidajen yari da asibitocin mahaukata don ya nuna cewa mutanen kudanci da gabashin Turai gurɓataccen iri ne. A 1936, lokacin da 'yan Nazi ke mulkin Jamus, jami'ar Heidelberg ta karrama wannan mutum da digirin girmamawa. Shi kansa Hitler, tun kafin ya hau mulki, ya yaba wa Amurka a rubuce a kan yadda take tace masu shigowa da hana wasu jinsuna zama 'yan ƙasa. A waje kuma ƙungiyar Ku Klux Klan tana tashe, da mambobi miliyoyi, tana ƙin baƙar fata da Katolika da Bayahude baki ɗaya. Shugaba Calvin Coolidge, wanda ya sa wa dokar hannu a watan Mayun 1924, ya riga ya gaya wa majalisa cewa dole a bar Amurka ta ci gaba da zama ta Amurkawa.

Ƙidayar 1890 matakin wucin gadi ce. Dokar ta tanadi tsari na dindindin wanda ya fara aiki a 1929, kuma a nan ne abin ya fi shafar mu. Aka ce jimillar baƙi za ta zama kimanin 150,000 a shekara, kuma za a raba ta bisa asalin dukkan al'ummar Amurka kamar yadda take a 1920. Wato a bi kowane Ba'amurke a gano daga ina kakannin kakanninsa suka fito. A ji kamar adalci. To amma ta yaya za a gano asalin mutum fiye da miliyan 100 da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya? Masana ƙidaya suka koma kan takardun ƙidayar farko ta 1790, suka riƙa duba sunayen iyali suna kintace: wannan suna na Ingila ne, wancan na Jamus ne. Bajamushen da kakansa ya mayar da sunansa irin na Ingilishi don ya saje, sai a lissafa shi Ba'ingile. Aikin ya yi rauni har sau biyu ana ɗage ranar fara amfani da shi. Herbert Hoover, wanda yana cikin ministocin da aka ɗora wa aikin, bai gamsu da shi ba, amma da ya zama shugaban ƙasa doka ta tilasta masa ya zartar.

Sakamako: Birtaniya 65,721, Jamus 25,957, Ayaland 17,853. Ƙasashe uku sun kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na duk guraben duniya.

A cikin sashen dokar da ya bayyana su wane ne mazauna Amurka a 1920 akwai wani layi da ya kamata kowane ɗan Afirka ya sani. Dokar ta ce a wannan lissafi ba za a ƙirga zuriyar bayi ba. Ba za a ƙirga zuriyar mutanen ƙasar na asali ba, wato waɗanda Turawa suka tarar. Ba za a ƙirga 'yan Asiya ba. A 1920 baƙaƙen fata a Amurka sun haura miliyan 10, kusan ɗaya cikin kowane mutum goma. Kakanninsu sun riga kakannin mafi yawan fararen ƙasar zuwa. An kwaso su daga gaɓar Senegal da Gambiya, daga ƙasar da ake kira Ghana yau, daga Binin da Kalaba da Kongo da Angola. A cikinsu har da malamai Musulmi irin su Omar ibn Said, Bafulatanin Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a jihar North Carolina. Su suka noma audugar da ta azurta ƙasar. Da an bi ƙa'idar da masu dokar suka kafa da kansu, da Afirka ta samu kusan kashi ɗaya cikin goma na guraben, wajen 15,000 a shekara. Sai aka share su da jimla guda. Habasha ta samu 100. Laberiya, ƙasar da 'yantattun bayin Amurka suka kafa, ta samu 100.

Wannan layi shi ne ya tona asirin dokar gaba ɗaya. Idan da gaske ne ana son baƙi su yi kama da al'ummar da ke ƙasa, to ai baƙar fata yana cikin al'ummar. Cire shi da aka yi ya nuna ba hoton Amurka ta gaskiya ake son adanawa ba, hoton da wasu suke so a ce shi ne Amurka ake son ƙerawa. An fara yanke hukunci, sannan aka nemo lissafin da zai dace da shi.

Japan ma an rufe ta ruf, ta hanyar wata jimla da ta ce wanda doka ba ta ba shi damar zama ɗan ƙasa ba, ba zai shigo ba. Kowa ya san da wa ake, domin a 1922 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Bajapane ba farar fata ba ne, a 1923 kuma ta faɗi haka a kan mutumin Indiya. Da an ba Japan gurbi irin na kowa, bai fi mutum ɗari da wani abu za ta samu ba. Amma ko wannan an hana. A Japan aka ɗauki ranar 1 ga Yuli, 1924, ranar da dokar ta fara aiki, a matsayin ranar wulaƙanta ƙasa.

Akwai masu kare dokar har gobe, kuma ban ga amfanin yin kamar ba su da abin faɗa ba. Sukan ce raguwar baƙi ta ɗaga albashin leburori, shi ya sa ma manyan ƙungiyoyin ƙwadago na lokacin suka goyi bayanta. Sukan ce ta ba waɗanda suka riga suka shigo damar sajewa. Sukan ƙara da cewa da masana'antun arewa suka rasa leburorin Turai, sai suka buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata da ke ƙaura daga kudu zuwa Detroit da Chicago. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu daga ciki. Amma duk waɗannan hujjoji ne na rage yawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya bayyana dalilin da zai sa a ba Birtaniya 65,000 a ba Girka 307. Idan damuwar albashi ce, leburan Ingila da na Italiya duk baki ɗaya ne da hannu biyu. Kuma idan da gaske albashi ne, me ya sa ba a sa wa Meziko da sauran ƙasashen nahiyar Amurka iyaka ba? Saboda manyan manoman Texas da California suna buƙatar masu tsinkar auduga da kayan lambu da araha, kuma suna da murya a majalisa. Ga kuma wani abu: shekara da shekaru Birtaniya ba ta cika gurbinta, dubban kujeru na zama babu kowa, amma doka ba ta yarda a miƙa su ga ɗan Poland da ke jira ba.

An ga kuɗin da wannan ya ci a shekarun 1930. Ranar 13 ga Mayu, 1939, jirgin ruwa mai suna St. Louis ya bar Hamburg da fasinja 937, kusan dukkansu Yahudawa masu gudun Hitler. Kyuba suka nufa, da niyyar su zauna can har lambarsu ta fito, domin da yawansu sun riga sun yi rajista a layin shiga Amurka. Gwamnatin Kyuba ta soke takardunsu, ba ta bar mutum talatin ma sun sauka ba. Jirgin ya juya ya bi gaɓar Florida a hankali, kusa ainun har fasinjoji suna hango fitilun Miami da dare. Suka buga wa Shugaba Roosevelt waya suna roƙo, bai amsa ba. Amsar da ta fito daga ma'aikatar harkokin waje ita ce su jira layinsu kamar kowa. Gurbin Jamus da Ostiriya na shekarar, 27,370, ya riga ya cika. Jirgin ya koma Turai. Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Holand suka raba su a tsakaninsu, amma ba a yi shekara ba sojojin Jamus suka mamaye uku daga cikin ƙasashen nan. Mutum 254 daga cikin fasinjojin aka kashe.

Abin da ya ƙara wa wannan ciwo shi ne, daga 1933 zuwa 1938 gurbin Jamus ma ba a cika shi ba ko sau ɗaya, saboda an umarci jami'an biza su tsananta a kan duk wanda ake zaton zai zama nauyi ga gwamnati, alhali 'yan Nazi sun ƙwace dukiyar masu gudun. A wannan shekara ta 1939 kuma aka kawo ƙudiri a majalisa na a shigo da yara 20,000 a wajen gurbi. Ya mutu a kwamiti. Babu wanda ya harbi kowa a nan. Ma'aikata ne a ofis suna bin ƙa'ida, kowanne yana iya cewa shi doka ya bi. Shi ya sa nake ganin zaluncin da aka saka cikin lissafi ya fi wanda aka furta da baki haɗari, domin ba ya buƙatar mugun mutum kafin ya yi aiki. Mutumin kirki ma zai iya buga hatimin ya koma gida ya yi barci.

Bayan yaƙi aka fara 'yan gyare-gyare na ganin ido. A 1943 aka soke dokar hana 'yan Sin, saboda ƙasarsu ƙawa ce a yaƙi da Japan, aka ba su gurbi 105. A 1946 aka ba Indiya 100. A 1952 dokar McCarran da Walter ta cire sharaɗin launin fata wajen zama ɗan ƙasa, amma ta riƙe tsarin asali yadda yake. Ta kuma toshe wata kafa: a da mutumin Jamaika ko na wata ƙasa da Ingila ke mulka yana iya shiga ƙarƙashin babban gurbin Birtaniya, yanzu aka ce kowace ƙasar da ake wa mulkin mallaka ba za ta wuce 100 ba. Shugaba Harry Truman ya hau kujerar na-ƙi, ya kira tsarin abin kunya, amma majalisa ta tsallake shi. Da ƙasashenmu suka fara samun 'yanci, mafi yawansu wannan ɗarin aka miƙa musu.

Sai a 1965 aka rushe shi. Abubuwa biyu suka taru. A cikin gida, gwagwarmayar baƙaƙen fata ta haifar da dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, kuma ya zama da wuya a soke wariya a makaranta a bar ta a bakin iyaka. A waje kuma Amurka na zawarcin sababbin ƙasashen Afirka da Asiya a gasarta da Tarayyar Soviet, alhali dokarta na cewa mutanensu ƙasƙantattu ne. Wanda ya jagoranci ƙudirin a majalisar wakilai, Emanuel Celler na Brooklyn, yana sabon ɗan majalisa ya yaƙi dokar 1924 ya sha kaye. Ya jira shekara 41. Ko a lokacin ma akwai masu turjiya. Sanata Sam Ervin ya yi ƙorafin a ce an daidaita Habasha da Ingila, yana cewa shi bai san gudummawar da Habasha ta bayar wajen gina Amurka ba. Wannan magana daga bakin sanatan North Carolina ta fito, jihar da bayi 'yan Afirka suka noma wa taba, jihar da Omar ibn Said ya mutu a cikinta yana bawa.

Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ranar 3 ga Oktoba, 1965, a gindin mutum-mutumin 'yanci da ke New York, yana cewa dokar ba juyin juya hali ba ce. An fifita masu 'yan uwa a Amurka, kuma wasu daga cikin waɗanda suka dage a kan hakan, irin su ɗan majalisa Michael Feighan, sun yi ne da zaton tunda yawancin Amurkawa Turawa ne, Turawa za su ci gaba da rinjaye. Zatonsu bai tabbata ba. Turai ta farfaɗo, mutanenta suka daina ƙaura. Likitoci da injiniyoyi daga Indiya da Koriya da Filifin, daga baya Najeriya da Ghana da Habasha, su suka shigo suka jawo 'yan uwansu.

Na yarda dokar 1965 babban ci gaba ce. Amma ban yarda ta gama aikin ba, domin har yanzu da wurin haihuwa ake ƙirga mutum. Ta ba kowace ƙasa da ke wajen nahiyar Amurka iyaka ɗaya, 20,000, wanda daga baya ya koma kashi 7 cikin 100 na jimilla. Indiya mai mutum fiye da biliyan ɗaya da ƙasar da ba ta kai yawan mutanen Kano ba, iyakarsu ɗaya. Injiniyoyi biyu masu ilimi ɗaya a kamfani ɗaya, ɗaya ya samu katin zama na dindindin cikin shekara biyu, ɗayan ya haura shekara goma yana jira, don kawai a Indiya uwarsa ta haife shi. Ba'amurken da ya nema wa ɗan uwansa na jini daga Meziko ko Filifin, sai ya jira wajen shekara ashirin. Meziko kuwa, wadda a da ba ta da iyaka, an soke shirin leburorin gona na wucin gadi a 1964, sannan a 1976 aka sa mata 20,000 irin na kowa. Gonakin ba su daina neman ma'aikata ba, mutanen ba su daina zuwa ba. Sunansu ne kawai ya canja, suka koma baƙin haure.

Cacar biza da aka ƙirƙiro a 1990, mai gurabe 55,000, ta buɗe wa 'yan Afirka da yawa hanya, ciki har da 'yan Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan. Ita ma da ƙasar haihuwa take aiki: tun daga zagayen 2015 aka cire Najeriya saboda 'yan ƙasar da suka shiga ta wasu hanyoyi sun haura 50,000 cikin shekara biyar. A wannan zagayen yaron Katsina bai samu damar cikewa ba, ɗan uwansa na Maraɗi ya samu.

Ba na faɗin wannan da nufin mu masu tsabta ne. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta kori baƙi, kuma mutanen zango, har da waɗanda a can aka haife su, sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi wajen miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana. A cikin Najeriya ma, mutumin da aka haifi kakansa a gari ana iya hana shi takardar shaidar asali, a hana ɗansa gurbin karatu ko aikin gwamnati. Wanda ya ji zafin abin da aka yi a 1924 ya kamata ya ji zafin wannan ma, don tambayar ɗaya ce: daga ina kakanka ya fito?

Abin da ya sa nake ganin tarihin nan bai zama tsohon labari ba shi ne ya dawo da wata riga. A 2015 Sanata Jeff Sessions, wanda daga baya ya zama ministan shari'a, ya fito fili ya yabi dokar 1924. A 2017 aka hana 'yan wasu ƙasashe shiga, yawancinsu na Musulmi, Sudan na cikin jerin farko, Chadi ta shiga daga baya. A Janairun 2020 aka hana 'yan Najeriya bizar zama na dindindin. An soke wannan a 2021, amma a Yunin 2025 sabon jeri ya fito, da Chadi da Sudan a ciki. Yanzu ba a maganar jini da iri, ana maganar tsaro da ingancin fasfo da yawan masu wuce wa'adin biza. Wasu daga cikin matsalolin nan na gaske ne, kuma gwamnatocinmu suna da laifin sakaci da takardun shaida. Amma idan wasu sun wuce wa'adi, su ya kamata a hukunta. Tsohuwar da ke son zuwa ganin jikanta a Houston ba ta wuce wa'adin kowa ba. A bincike ta, a tambaye ta, a nemi shaidarta, idan ta gaza a hana ta. Kada a hana ta tun kafin ta buɗe baki.

Dokar 1965 ta rubuta ƙarara cewa ba za a nuna wa kowa bambanci wajen ba da bizar zama ba saboda jinsinsa ko ƙasarsa ko wurin haihuwarsa. Amma wani sashe na dokar 1952, wadda Truman ya ƙi sa wa hannu, yana nan da ransa, kuma ya ba shugaban ƙasa ikon dakatar da shigar duk wani rukuni na baƙi da ya ga dama. A kan wannan sashe Kotun Ƙoli ta dogara a 2018, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, ta halatta haramcin da aka fara a 2017. A Afrilun 2021 majalisar wakilai ta zartar da ƙudirin da zai taƙaita wannan iko, ya tilasta wa shugaba kawo hujja kafin ya rufe wa wata ƙasa ƙofa. Majalisar dattawa ba ta zartar da shi ba.